Sakatar Icen Aduwa

Wada maƙeri ne ɗan maƙeri, mutumin Kafin Maiyaki. Ba yunwa ce ta raba shi da gida ba. 'Yarsa ya bi, Baturiya, wadda ita kaɗai ta rage masa a duniya, lokacin da mijinta Habu ya sami aikin lebura wajen masu haƙar kuza a duwatsun Riruwai. A alif ɗari tara da hamsin da biyu ya ɗora uwar maƙera da zugazugi a kan jaki, ya ratsa Tudun Wada, ya wuce Doguwa, ya sauka a wani bariki da ake ce wa Gangare. Sunan bai yi ƙarya ba. Bukkoki ne fiye da ɗari a cikin kwari, duwatsu sun yi musu rumfa ta gabas da yamma.

Kuza ba ta rabuwa da ƙasa sai da ruwa. Saboda haka kamfanin Turawa ya tare rafin da ke saukowa daga dutse da bangon ƙasa, ana jan ruwan ta bututu zuwa wurin wanki. Wannan madatsa ƙarama ce, kuma kowace damina sai ta fashe. Ruwa ya cika, ya haye bangon, ya cinye shi kamar gara ta sami zana. Injiniyan wurin, wani Bature dogo da ake ce wa Mai Lofe, ya gaji da sake gini. Ran nan ya ga Wada yana gyaran diga a bakin maƙera, ya ce masa cikin wasa, in shi maƙeri ne na gaske ya ƙera wa ruwa ƙofa.

Wada bai ɗauke shi wasa ba.

Abin da ya ƙera ba tsafi ba ne. Akwatin ƙarfe ne a gindin bangon, ta gefe, da ƙyaure a cikinsa, ƙyauren an danne shi da sakata. Daga sakatar ya ja sanda zuwa wata garwa da ya toshe bakinta, tana iyo a kan ruwa. Ruwa ya hau, garwa ta hau, ta ja sanda, sanda ta zare sakata, ƙyaure ya buɗe, ruwa ya bi kwazazzabon gefe ya tafi abinsa. Turawa suka ce sunan irin wannan abu bawul.

To, wannan shi ne abin da ido ke gani. Akwai wanda ido ba ya gani. Wada ya san ruwan marka ba ruwa ba ne, kunu ne. Yakan zo da yashi da laka, su cika ramin sakata, su riƙe ta kamar kare ya kama ƙashi, garwa goma ba za su zare ta ba. Don haka bai yi sakatar da ƙarfe ba. Icen aduwa ya feƙe, kaurin babban yatsa. Ruwan yau da kullum ba ya iya mata komai, amma in ambaliya ta danno, ko garwa ta kasa, icen sai ya karye, ƙyaure ya buɗe da kansa. Bayan kowane babban ruwa Wada yakan je da sassafe kamar mai duba aiki, ya sa hannu cikin akwatin, ya sauya wata. Damina biyu madatsa ba ta fashe ba.

Da rani ya yi, ruwa ya ja, Mai Lofe ya aiko cewa gobe zai zo da akawunsa, Malam Balarabe, su auna bawul su zana shi a takarda.

Wada ya wuni yana juya maganar. Ubansa, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya masa a bakin wuta: "In baƙo ya ce ka nuna masa sana'a, nuna masa tara, ka matse ɗaya a hammata. Ɗayan nan shi ne tuwonka, shi ne na jikokinka." Haka aka yi wa uban, haka aka yi wa kakan. Ba maƙerin da zai kira wannan ha'inci. Kafin rana ta faɗi Wada ya buga sakatar ƙarfe daidai da ta icen, ya goge ta da mai, ya je ya zura ta, ya jefa ta aduwar a aljihu.

Washegari suka zo da tsinken awo da farar takarda. Malam Balarabe yana aunawa yana rubutawa, Mai Lofe yana busa hayaƙi. Aka ɗebo ruwa mai tsabta a durom, aka gwada. Garwa ta hau, sakata ta zare sumul, ƙyaure ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, me za a yi da zanen?" in ji Wada.

Malam Balarabe ya fassara, ya dawo da amsa. "Ya ce Ingila za a kai, a yi masa rajista. Wato takarda mai jan hatimi, wadda ke cewa dabarar ta kamfani ce, kowa ya ƙera irinta ba izini sai kotu. Ya ce irin wannan abu har a teku ana nemansa, inda suke kafa rumfar ƙarfe a kan ruwa suna haƙar mai."

"Ta kamfani ce?"

"Da ƙarfen wa ka ƙera, Sarkin Maƙera?" Malam Balarabe ya yi 'yar dariya. "Kai dai ka yi godiya, za a ba ka bargo."

Wada ya karɓi bargo ya yi godiya. Yana tafiya yana shafa aljihu, yana cewa a ransa, ku tafi da taranku. Da suka juya baya ya mayar da ta icen.

Shekara ɗaya da rabi ba a sake maganar ba. Sai kamfani ya ga kuza ta yi kasuwa, ya kawo leburori daga ko'ina, aka ja wani sabon bango a saman tsohon, tsayinsa ya yi na giginya. Ruwan da zai tare ya isa a yi kwalekwale a ciki. Kuma bakinsa, in ka miƙa hannu daga tsakiyar bangon, kan bukkokin Gangare yake nunawa. Bukkar farko da ke gindinsa ta Habu ce, don shi aka ba gadin madatsar.

Ana cikin haka babbar mota ta iso daga tashar jirgi da wani akwati kamar rumbu. Aka fasa. Bawul ɗin Wada ne ya je Ingila ya dawo, an zuba shi da narkakken ƙarfe, an shafa masa jan fenti, an buga lamba a goshinsa. Mutanen bariki suka taru suna kallo.

Baturiya ta taɓo ubanta. "Baba, ɗanka ya je ƙasar Turawa ya yi ƙiba. Ka ga wuyansa kuwa?"

'Yarta Turai, mai shekara biyar, ta riƙe masa riga. "Tsoho mijina, kai ka yi wannan? Da wannan ƙaramin hannun?"

"Tafi can, na sake ki," in ji Wada. Amma bai yi dariya ba. Idonsa na kan sakata. Farin ƙarfe ce, kaurin dantsen ƙato, tana walƙiya. Irin ƙarfen da ko giwa ta hau ba zai lanƙwashe ba. Daidai yadda ya nuna musu.

Ranar bai ci tuwo ba. Baturiya ta ce ko zazzaɓi ne, ya ce ciki ne.

Aka kafa bawul kafin ruwan fari. Aka gwada da ruwa mai tsabta, ya yi aiki, leburori suka yi tafi. Wada ya riƙa gaya wa kansa watakila daminar bana ta zo da sauƙi. Watakila tunda garwar Ingila babba ce za ta fi ƙarfin yashi. Mutum in yana son ya yi barci, ba irin ƙaryar da ba zai shimfiɗa ya kwanta a kai ba. Amma kullum da yamma sai ya hau bangon ya tsaya. In ya dubi gabansa, ruwa ne yana ƙaruwa, yana komawa ja. In ya waiwaya, Baturiya ce a ƙasa tana shanya, Turai na korar kaji.

Da aka shiga marka ya kasa daurewa. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ofis. Ya sami Malam Balarabe a baranda.

"Malam, magana ce da ni, ka kai ni wajen Bature."

"Faɗa mini tukuna. Ba a shiga wa Bature da magana a ƙunshe."

Wada ya tsuguna, ya faɗa masa duka, tun daga karatun ubansa har sakatar da ya sauya. Fuskar akawu ta canza. Ya leƙa ciki, ya dawo ya rage murya.

"Ka san abin da kake cewa? Ka yaudari kamfani. Takardar nan ta ƙetare teku, manya sun sa hannu. Ni na auna, sunana na ƙasanta. Kai gidan yari, ni kora. Kuma don me? Don wani guntun ice?"

"Jikata tana kwana a gindin bangon nan, Malam."

"Nawa 'ya'yan a sama suke kwana? Injiniyoyin Ingila sun duba abin nan, Wada. Su da suka yi jirgin ƙasa."

"Jirgin ƙasa bai taɓa shan ruwan Gangare ba."

Hayaniyarsu ta fito da Mai Lofe. Ya tambayi abin da ke faruwa. Wada ya yi magana doguwa, Malam Balarabe ya fassara da kalma biyar ko shida. Wada bai san Turanci ba, amma ya san tsawon maganarsa. Sai ya zaro tsohuwar sakatar aduwa daga aljihu, ya ɗaga ta, ya nuna madatsa, ya yi alamar karyewa da hannu biyu.

Mai Lofe ya karɓa, ya juya ta, ya yi murmushi irin na wanda yaro ya kawo wa motar kara. Ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ƙarfe ya fi ice, Wada. Kai maƙeri, ka sani." Ya mayar masa, ya dafa kafaɗarsa. Sannan ya ƙara wata magana da Turanci.

"Ya ce abin rajista ne," in ji Malam Balarabe. "Wanda ya taɓa shi, alƙali. Ya ce kuma gobe zai tafi Jos, sai bayan sati."

Daga ofis Wada ya wuce wajen 'yarsa, ya ce ta kwashe yara su koma Kafin Maiyaki har kaka. Ta dube shi da mamaki.

"Baba, da cikin nan wata takwas zan ratsa rafukan Doguwa? Wa zai dafa wa maigidana? Me ya faru?"

Ya buɗe baki, kunya ta rufe shi. Yaya mutum zai dubi 'yarsa ya ce, ni na haƙa ramin da kike kwance a bakinsa? Ya ce, "Mafarki na yi." Ta ce Allah ya sa alheri, za ta yi sadakar waina.

Ruwa ya sauko ran Talata, bai ɗauke ba. Laraba haka. Ba tsawa, ba iska, zuba kawai, kamar wanda aka ba aiki aka manta a ce ya tsaya. Kwaɗi ma suka yi shiru. Ran Alhamis da hantsi wani Bafulatani, Buba, ya gangaro da shanunsa daga dutse, ya tsaya bakin maƙera yana ɗiga.

"Maƙeri, bawan wuta, yau ga ranar da wutarka ba ta da amfani."

"Wuce, ɗan daji. Ina za ka da su a ruwan nan?"

"Tudu. Tun asuba suka ƙi shan ruwan rafi, suna ta kallon sama. Can bisa ƙasa ce ke tafiya, ba ruwa ba." Ya goge fuska. "In ni ne ku, yau ba na wuni a kwarin nan."

Wada ya ce, "Ara mini igiyarka."

Bai gama naɗe ta ba sai ga Habu a guje, ba hula. Duk da haka sai da ya rusuna, don suruki suruki ne ko duniya na tashi.

"Baba, garwa ta hau har ta nutse, sanda ta lanƙwashe, sakata ko motsi. Saura taki ɗaya ruwa ya haye bango."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Je ka ce wa matarka ta ɗauki yara ta hau dutse, yanzu, ko tukunya kada ta ɗauka. Ka yi ihu kowa ya ji. Sannan ka same ni a bawul da mutum huɗu masu ƙarfi."

Ya ɗauki babbar masaba da kurfi, ƙarfen da ake ɗorawa a kan abu a buga, ya fita.

A kan bangon ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa kamar bayan dabba. Ruwan ja wur, ya kwanta lamo, ba ya ko ƙara, sai rassa da gawar akuya suna juyawa a hankali. Ta gefen bariki wani ɗan siririn ruwa ya riga ya fara tsattsafowa daga jikin bangon. Can ƙasa mata na hawan dutse da goyo, wasu maza kuwa sun tsaya gardama a ƙofar bukka, wai ai bawul ɗin Ingila ne.

Sakatar ba ta bugowa sai daga cikin magudana, wato mutum ya tsaya a bakin ƙyauren, a hanyar da ruwan zai bi. Wada ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa Habu bakinta.

"Baba, bari ni in sauka."

"Ka san inda ake bugun ƙarfe? Riƙe igiya." Ya ɗan tsaya. "Habu, saurara, ko ban fito ba. Sakatar nan ba ƙarfe ya kamata ta zama ba. Ice ne, aduwa. Aikinta ta karye. Ni na ɓoye musu."

Wada ya yi bismilla ya sauka.

Ƙyauren yana gumi, yana wani nishi ƙasa-ƙasa. Wada ya ɗora kurfi a kan sakata ya buga. Masaba ta dawo masa har kafaɗa. Ya sake. Ƙarfen Ingila ne, ba ya jin lallashi. Ya buga goma, ya buga ashirin, laka na zubo masa a ka. Daga sama wani ya yi ihu cewa ruwa ya fara lasar bakin bango. A bugu na talatin da wani abu yashi ya yi ƙara, sakata ta matsa kamar faɗin farce. Ya gyara tsayuwa, ya dafa bakin akwatin da hannun dama don ya sami ƙarfi, ya koma bugu da hagu. Uku. Huɗu.

Bai ji buɗewar ba. Ya dai ga duniya ta koma ja, ƙyaure ya maƙe hannunsa da bango, sannan ruwa ya fizge shi. Mutum biyar suka ja igiyar Buba har tafinsu ya saɓule kafin su fito da shi.

Ruwa ya bi kwazazzabo yana ruri har magariba. Bango ya tsaya. Ko kaza ba ta mutu a Gangare ba.

Hannun dama kuwa ya tafi. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, yatsu suka warke a dunƙule kamar busasshiyar kuɓewa. Mai Lofe ya dawo daga Jos, ya duba, ya ce garwa ce ta kusa zare sakata, maƙeri ya yi gaggawa ya lalata kayan rajista. Don ya san shi, ba zai kai shi gaban alƙali ba, sallama kawai. Aka rubuta Ingila a aiko da sabuwar sakata, wadda ta fi ta da kauri.

Ta iso da rani. Aka zura ta, aka gwada da ruwa mai tsabta, ta yi aiki.

Kwana uku kafin ya bar bariki, Wada ya zauna a bayan bukka, ya matse reshen aduwa tsakanin gwiwoyinsa, ya feƙe shi da hagu. Sai da ya ɓata shida kafin na bakwai ya yi daidai. Ya shafa masa baƙin tukunya da man inji, ya goge, ya sake shafawa, har ya yi ƙyalli. Ya kira Habu, wanda ba ɗan maƙera ba ne, ba jikan maƙera ba, ya nuna masa goma cif: irin reshen da ake zaɓa, kaurin, inda ake ɗan yi masa tsaga don ya san wurin karyewa.

"Ran da aka yi ruwan fari ka zare tasu ka sa wannan, ka binne tasu a inda za ka tuna. In Bature zai zo dubawa ka mayar. Ka koya wa wanda zai gaje ka. Ka koya wa duk wanda ya tambaya."

"To, Baba."

Ranar tafiya ya biya ofis karɓar takardar sallama. Malam Balarabe ya miƙo masa ba tare da ya ɗago ido ba. Wada ya juya zai fita, sai wani abu ya faɗo masa.

"Malam, lambar nan da ke goshin bawul, me take cewa?"

"Bakwai."

"Bakwai na me?"

"Na bakwai cikin goma sha biyu. Ai ba a kunna tukunyar narka ƙarfe don abu ɗaya."

Wada ya riƙe ƙyauren ofis. "Sauran fa?"

"An rarraba. Wasu wajen Jos, wasu an ce wata ƙasa ce ta ƙetare. Ni ina na sani?"

Wada ya koma Kafin Maiyaki. Bai ƙara hura wuta ba. Da rani lafiyarsa lau, yana zama a inuwa ana hira da shi. Amma da zarar gabas ta fara haɗa baƙi, sai a gan shi ya kama hanyar Kwanar Dangora da sandarsa, ya zauna inda manyan motoci ke tsayawa shan ruwa. Duk direban da ya sauko daga kudu sai ya matsa ya gaishe shi, ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi iyali. Sannan ya rage murya ya ce, can inda ka fito, akwai bariki a gindin madatsa? Kwana nawa ruwa ya yi yana zuba?